Kawu da Fitilar Marigayi

Turmin haƙori biyu Kawu ya riga ya sadaukar kafin dabarar fitila ta faɗo masa. Likitar haƙorin da ke ƙarshen layinmu bazawara ce, mijinta ya rasu shekarun baya, kuma tun ranar da Kawu ya hango ta tana buɗe ƙofar asibitinta haƙoransa suka fara ciwo bi da bi. Na farko ta ce ciko ya isa, ya ce shi ba ya son aikin rabi da rabi, a cire. Na biyu ma haka. Da ya koma karo na uku ta leƙa bakinsa, ta ce sauran duk garau suke, kada ta ƙara ganinsa sai baɗi.

A lokacin ban daɗe da dawowa gida ba. Na yi shekaru a wata ƙasa ta bakin teku, na dawo da jaka ɗaya da ƙafafun da ba su iya zama ba. Safe in zaga layi, rana in zaga layi, har Inna ta ce ƙarar silifas ɗina ta fara sa mata ciwon kai. Shi ya sa da ƙanen nata ya shigo yana murza gashin baki, ya ce aron ɗanta ya zo nema, ba ta ma tambayi abin da zai yi da ni ba. Cewa kawai ta yi kada ya dawo da ni da wuri.

A layinmu ba wanda ke kiran Kawu da sunan yanka. Ƙaramin-aiki ake ce masa, domin duk abin da aka nuna masa ya lalace, amsarsa ke nan. Fankar Inna tun da ya gyara ta baya take juyawa, tana kwashe iskar ɗakin tana kai wa silin. Ƙofar banɗakinmu kuwa sai an shiga mutum biyu, ɗaya ya riƙe daga waje.

A hanya ya zayyana mini shirin. A ɗakin jiran asibitin akwai akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri irin na teku, da kifaye ƙanana masu launi, da murjani mai rai. Na marigayi mijin Likita ne. A cikinsu akwai wani mai rassa kamar ƙahon barewa, bakin kowane reshe shuɗi, wanda ya samo yana ɗan guntu kamar babban yatsa a shekarar da suka yi aure, yanzu ya kai faɗin tire. Sama da akwatin an rataye doguwar fitila, bayan ƙwayayenta akwai faranti huɗu masu ƙyalli a lanƙwashe, su ke mayar da haske ƙasa cikin ruwan. Feshin gishiri ya bushe a kansu har sun dusashe. Mutumin da ke kula da akwatin ya bar gari, Likita kuma za ta tafi taron likitoci. Kawu ya ji tana ƙorafin haka ne a lokacin da yake zaune a ɗakin jiran yana karanta tsohuwar mujalla, ba tare da an kira shi ba. Nan take ya miƙe ya ce ƙaramin aiki ne, ɗan yayarsa ma teku ce ta raine shi.

"Kawu, a ɗakin sanyi na yi aiki," na ce. "Kifin da na sani duk a daskare yake cikin kwali, ba ya neman fitila."

"Kifi dai kifi ne. Kai naka ka tsaya a bayana ka riƙa gyaɗa kai kamar wanda ya ga teku."

Mun sami Likita tana haɗa jaka. Mace ce doguwa mai magana a hankali, irin wadda ta saba mutane su yi shiru in tana magana tunda hannunta na cikin bakinsu. Ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta ce aikin ba shi da yawa: tsumma mai laushi, ruwan ɗumi, faranti ɗaya tak. Sai mako ya zagayo a goge na biyu. Haka marigayi yake yi, kuma bai taɓa goge biyu a rana ɗaya ba. Makulli yana hannun Nas, ita ke zuwa ba kifi abinci. Kawu ya dafa ƙirji ya ce ta tafi da kwanciyar hankali.

Muna fita ya ja tsaki.

"Allah ya jiƙan maza, amma bawan Allahn nan rago ne. Faranti huɗu a wata guda? Ɗan nan, mace ba ta mance miji sai ta ga wanda ya fi shi. Rana ɗaya zan yi masa abin da ya kasa."

Daga nan na gane ba da gishiri Kawu zai yi faɗa ba, da mamaci ne.

Washegari Nas ta buɗe mana. Dattijuwa ce gajera wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, duk da inda take aiki. Ta zauna bayan teburinta ta harɗe hannu. Mai aski na tsallaken titi, da ya hango Kawu da jakar kayan aiki, ya bar almakashi ya taho, ya ce rabonsa da kallo kyauta tun gyaran fanka.

Kawu ya hau kujera. Na ce a fara cire waya daga soket. Ya ce shi da lantarki sun san juna tun ban zo duniya ba. Ya sa sukudireba a jikin fitilar da hannunsa mai danshin gishiri, sai muka ga gashin bakinsa ya miƙe, ƙafa ɗaya ta yi rawa ita kaɗai, sukudireban ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce gwadawa ya yi ya ji ko wutar ta kai ƙarfin da ake so. Mai aski ya tambaya ko ta kai. Ya ce da ɗan saura. Amma ni ya sa na cire wayar.

Ya naɗe hannun riga ya zura hannu zai ɗauko sukudireban. A gefen da ya faɗa akwai wani ɗan kifi ruwan lemo mai ratsin fari, bai fi yatsa ba, yana zaune cikin wani abu mai laushi kamar gashin da iska ke kaɗawa. Kifin ya fito ya dubi hannun Kawu, ya zaɓi fatar tsakanin yatsu, ya dasa baki. Kawu ya fizge hannu da ƙarfin da ya jiƙa Nas har kan teburinta. Ba ta motsa ba. Ta ɗauki tawul ta goge fuska, ta ce marigayi ma kifin nan yakan cije shi, amma shi ba ya kiran sunan uwarsa.

Kafin azahar cizon ya zaga layi. A shagon aski kifin ya kai tsawon hannu. A wurin mai wankin mota ya kai cinya, har da haƙora jeri biyu.

Wurin mai wankin motar muka kai farantan, duka huɗu, domin Kawu ya ce tsumma da ruwan ɗumi wankan jariri ne. Ya karɓi man goge mota ya yi ta dirza. Uku suka fito suna ɗaukar ido, har mai wankin motar ya gyara hularsa a jikin ɗaya. Na huɗun gishiri ya kama shi da kyau. Kawu ya zaro soson ƙarfe daga aljihu, wanda na gane na tukwanen Inna ne, ya hau shi da murza yana waƙa. Da ya ɗauraye, farantin ya fito kamar wanda kyanwoyi suka yi dambe a kansa. Mai wankin motar ya ce garin gyaran gira an rasa ido. Kawu ya ce ai dama wannan farantin tun daga masana'anta ba shi da asali.

Ya koma shagon aski neman aron madubin da ake nuna wa mutum ƙeyarsa. Ya yi alkawarin in an ba shi zai duba injin askin da ke ɗan ƙara. Mai aski ya ce zai ba shi madubin, amma da sharaɗin kada ya taɓa injin har abada. Aka shirya a haka. Kawu ya ɗaure madubin da waya a gurbin faranti na huɗu.

Yana sama ya gano wasu gurabe biyu da ba ƙwai a ciki. Nas ta ce marigayi ne ya cire su da gangan. Kawu ya ce ashe bayan ragwanci har da rowa, ya aike ni na sayo mafi girman ƙwai da ke shagon kayan wuta. Sai kuma ya ci karo da wani ɗan akwati mai agogo a jikin wayar, wanda ke kashe fitila da yamma ya kunna ta da safe. Ya jujjuya shi, ya ce wannan ne ɓarawon da ke shan rabin wutar, ya cire ya sa a aljihu, ya haɗa wayar kai tsaye ya naɗe da salatif.

"Ɗan nan, kunna."

Na kunna. Nas ta rufe ido da tafin hannu. Kifayen duk suka ɓace ƙarƙashin duwatsu, har da mai cizon. Gaban asibitin gilashi ne, saboda haka hasken ya tsallaka titi ya shiga shagon aski, inda mai askin ya riga ya koma yana yi wa wani saisaye. Ya ɗago kai, injin ya buɗe wa mutumin titi tun daga goshi har ƙeya. Wani tsoho mai kumburarren kumatu da ya zo neman Likita ya tsaya a ƙofa ya tambaya ko an mai da wurin shagon walda. Kawu ya zaro baƙin tabarau ya maƙala, ya tsaya gaban akwatin yana riƙe da ƙugu.

"Marigayi," ya ce a hankali, "ka gani?"

Fitilar nan ba ta ƙara mutuwa ba, dare da rana. Nas ta ce ita ba za ta taɓa abin da ya sa gashin bakin mutum ya miƙe ba. Kullum sai ta shigo da baya, ta watsa wa kifi abinci, ta fice.

Bayan 'yan kwanaki murjanin ya fara koɗewa. Kore ya koma ruwan ƙwai, ruwan ƙwai ya koma ruwan madara. Mai ƙahon barewa ya yi fari fat tun daga sama, kamar an sassaƙa shi da alli. Kawu ya ga haka ya kusa yin kuka don murna. Ya tara mutane a shagon aski ya ce su je su ga abin da ake kira aiki: dauɗar shekaru ce marigayi ya bari a jikin duwatsun, shi kuwa ya wanke ta ba sabulu, ba soso, da haske zalla. Mai aski ya ce to ya taimaka ya shanya singiletinsa a ƙarƙashin fitilar, ita ma ta daɗe tana neman irin wannan gata.

Na ja shi gefe na ce a inda na yi aiki, duk kifin da ya canza launi ya yi fari, kwandon shara ake kai shi. Ya ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma ba a aro ni don in yi magana ba.

Muna cikin asibitin da rana wayar Nas ta yi ƙara. Ta duba, ta dubi Kawu, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ajiye a tebur. Likita ce. Bayan gaisuwa ta tambayi mai bakin shuɗi. Ta ce a duk tafiyar nan ba abin da take kewa kamar ta rufe asibiti da yamma ta zauna tana kallon shuɗin nan; launin rigar da marigayi ya fi so ne. Ta ce a dai lura, in aka ga murjani ya fara fari, to mutuwa ce ta leƙo.

Kawu ya cire tabarau. Ya mayar. Ya sake cirewa.

"Launi kam, ranki ya daɗe, sai kin gani da idonki," ya ce.

Da aka kashe wayar ya juya ga Nas da muryar da ban san yana da ita ba, ya tambaya ko za ta faɗa.

"Ni? A'a. So nake in ga yadda kai za ka faɗa."

Na ce mu cire manyan ƙwayayen da madubin, mu mayar da agogon. Ya ce sai ta dawo ta tarar ba launi kuma ba haske, an yi biyu babu ke nan. Abin da ya tafi launi ne, launi za a dawo da shi. Ya fara lissafin fenti da ƙaramin buroshi. Nas ta buɗe durowa ta ciro filayar cire haƙori ta ajiye a kan tebur, ta ce duk abin da ya shiga ruwan nan, haƙori ɗaya zai fita a madadinsa. Kawu ya shafa kumatu ya ce dama shawara ce. Ya ɗaga kai ya ƙura wa fitilar ido, sai na ga gashin bakin ya fara motsi, na san an shiga uku.

Da yamma ya zo gidanmu gaida yayarsa, abin da bai saba ba. Ya yaba girkinta, ya tambayi ƙafarta, ya fita ta wajen igiyar shanya cikinsa ya ƙara girma. Mayafan Inna uku ne masu shara-shara, na fita unguwa: shuɗi, kore da ruwan hoda. Ya shimfiɗa su ƙarƙashin fitilar ɗaya kan ɗaya, ya kama gefensu da maƙalan shanya, waɗanda su ma nata ne.

Gaskiya abin ya yi kyau, in ka tsaya daga nesa kuma ba ka da yawan tambaya. Murjanin ya yi launi. Yashin ƙasan ma ya yi. Bangon ɗakin ya yi, fuskar Nas ta koma koriya. Kifayen da suka kwana biyu a ɓoye suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya koma shagon aski ya ce wankin da suka gani matakin farko ne, yanzu ya shiga rini, kuma launukan da ya fito da su marigayi ko a mafarki bai gan su ba.

A gida kuwa Inna ta birkice akwatuna. Ta zargi iska, ta zargi maƙwabciya, ta zarge ni da cewa na koyo halin banza a ƙasar mutane. Na sa silifas na zaga layi.

Ranar dawowar Likita Kawu ya gayyaci kowa. Mai aski, mai wankin mota, mutumin da aka buɗe wa titi a ka, wanda yanzu ya koma tal kwabo, da tsohon nan mai kumatu da har yanzu yake jira. Ya matsa wa Inna ta zo, ya ce ya kamata babbar yaya ta fara ganin matar ƙanenta tun kafin magana ta yi nisa. Inna ta yafa wani tsohon mayafi tana mita ta biyo mu, don dai ta ga wace mai ƙarar kwana ce. Tun da safe Kawu ya sa kayansa na fita kunya, ya hau kujera ya ƙara ɗage mayafan suka manne da ƙwayayen, wai don launin ya ƙara kauri.

Likita ta shigo da jakarta. Kawu ya fara jawabin da ya kwana yana haddacewa, ta wuce shi ta tsaya gaban akwatin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaya me ya sa yashi ya zama shuɗi. Kawu ya ce lafiya ce ta yi wa akwatin yawa har ta malalo. Ta waiwaya ta tambaya me ya sa nas ɗinta ta zama koriya. Nas ta ce ita ma jiran bayanin take yi.

Inna ce ta fara shaƙar hanci. Ta tambaya wa ya bar tukunya a wuta. Ta bi warin da ido har sama, ta tsaya a kan wani ɗan ɗinkin fure da ke gefen koren yadin, wanda da hannunta ta yi shi.

"Ƙaramin-aiki, wancan ba mayafina ba ne?"

"Yaya, kama ce. Masana'anta ɗaya."

"Da maƙalan shanyata ma masana'anta ɗaya?"

Hayaƙi ya fara tashi siriri, sai wani baƙin rami ya buɗe a tsakiyar ruwan hodar yana faɗaɗa. Kawu ya ce kowa ya kwantar da hankali, ƙaramin aiki ne. Ya daka tsalle kan kujera ya cafki mayafan ya fizga. Gefensu ya sarƙe da wayar da ta ɗaure madubi. Madubin ya kuɓuce ya faɗa akwatin da faɗinsa, ruwa ya taso ya wanke sahun gaba na 'yan kallo, kujerar ta zame a jiƙaƙƙen tayil, Kawu ya sauko da baki a kan hannun bencin jira. Ni dai na yi abin da na iya, na fizge waya daga soket. Mai aski ya zura hannu ceton madubinsa, ɗan kifin nan ya fito ya yi masa irin gaisuwar da ya yi wa Kawu.

Da fitila ta mutu sai hasken rana kawai ya rage, murjanin ya fito yadda yake, fari fat kamar ƙashi. Ba wanda ya yi dariya, har mai aski da ke tsotsar yatsa. Likita ta ajiye jaka ta durƙusa a cikin ruwan da ya malale, ba ta damu da zaninta ba, ta kafa goshi a gilashin daidai mai ƙahon barewa. Ta daɗe a haka. Inna ta daina kakkaɓe mayafinta.

Can ta ce a miƙo mata 'yar tocilar da take leƙa baki da ita. Ta haska gindin rassan. A can ƙasa akwai sauran launin ƙasa-ƙasa, da wasu ƙananan bakuna kamar kan allura suna buɗewa suna rufewa. Ta ce bai mutu ba tukuna. Ta ce ya saba da hasken da ya dusashe ne, shi ya sa marigayi yake goge faranti ɗaya-ɗaya, don kada haske ya faɗo masa gaba ɗaya ya ƙone shi. Ta tambayi Nas tun yaushe aka rataya yadin nan. Da ta ji, ta ce to inuwarsa ce ta tsayar da mutuwar a rabin hanya.

Kawu ya ɗago daga ƙasa, hannu a baki, jini na bin yatsunsa.

"Dama na sani," ya ce. "Shi ya sa na zaɓi masu shara-shara."

Inna ta naɗe ƙonannen mayafin ta zabga masa a ƙeya.

Haƙorin gaba ne ya karye, saboda haka a karon farko Kawu ya hau kujerar Likita da ciwo na gaskiya. Ta bar ƙofa a buɗe, duk muna ji. Sai da ta yi masa allura, ta cika bakin da auduga, ta tabbatar ba zai iya cewa komai ba, sannan ta yanke hukunci. Manyan ƙwayaye za su fita. Agogo zai koma inda yake. Farantin da ya kankare shi zai nemo sabo. Za a rataya raga ninki-ninki nesa da ƙwai, kowane mako ya zo ya cire ninki ɗaya, in gishiri ya taru ya goge faranti ɗaya da tsumma mai laushi, Nas na tsaye a kansa.

"In shuɗin ya dawo," ta ce tana juya filaya, "sai ka zo da maganar da ke bakinka, in akwai sauran haƙorin faɗinta. In bai dawo ba, ka canza layi."

Kawu ya yi wani gurnani. Nas ta fassara mana, wai ya ce ya gode.

Ya fito kumatu a kumbure, kayan fita kunya sun sha ruwan gishiri, ya tarar da jama'a na jiransa a bakin titi. Ya zare audugar, ya ce da iskar da ke fita ta sabon giɓin, ai sun ji da kunnensu: a da sai baɗi aka ce masa, yanzu ita da kanta ta roƙe shi ya riƙa zuwa duk mako. Mai aski ya ce a wannan farashin, kafin a ɗaura aure sai dai a riƙa dama masa abinci. Inna ta ce kafin a kai ga aure akwai maganar mayafi uku da soson ƙarfe.

Haka aka yi ta yi. Duk mako Kawu zai zo da tsummansa a ninke cikin aljihu, ni kuma an ba ni matsayin tsayawa kusa da soket, aikin da ya fi kowane daɗewa a hannuna tun da na dawo. Yana goge faranti ɗaya a hankali yana bayyana wa masu ciwon haƙori cewa wannan salon ɗaya-ɗayan shi ya ƙirƙiro shi, marigayi ya dai yi sa'ar riga shi amfani da shi ne.

Makon jiya bakin reshe ɗaya ya fito da shuɗi, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kawu ya gyara hula ya nufi ofishin Likita da jawabinsa. Ta fito ta duba, ta yi murmushin da ban taɓa gani ba, ta ƙirga rassan da suka rage da ido, ta ce reshe ɗaya kalma ɗaya, kuma ya riga ya yi sallama. Ya dawo wurina yana washe giɓi, ya ce magana ta kankama.

Sai ya karkata kunne wajen ɗan famfon da ke juya ruwa a ƙasan akwatin. Ya ce in saurara, kamar yana wata 'yar ƙara. Ya durƙusa, ya fara laluben aljihu.

A bayanmu muka ji Nas ta buɗe durowa.